Ƙaramin Bene Ya Riga Wansa Faɗuwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani fushi da ban ga dalilin ɓoye shi ba, nake sanar da mazauna gidan nan rasuwar Ƙaramin Bene, wanda ya cika ranar Litinin da hantsi a kan teburinsa da ke gindin matakala, yana da shekara ashirin da biyu a duniya. Ni ce malamar lissafi ta hawa na uku, 'yar riƙonsa, kuma mai jinyarsa har ƙarshe. Ya rasu bayan jinyar shekara huɗu da ya yi a gaban idonku. Kada wanda ya zo mini da cewa bai sani ba. Kowannenku yana wucewa ta gabansa safe da yamma, kun ga ciwon yana girma, kuka kau da kai kuka haye sama. Kai da ke karanta wannan takarda a tsaye da mabuɗi a hannu, kana cikinsu. Ke ma da kika tsaya don kawai kin ga tebur babu kowa, kina ciki.

Saboda waɗanda ba su daɗe da tarewa ba, ga tarihin mamacin. Ƙaramin Bene kwafin gidan nan ne da muke ciki, hawa uku, ɗakuna goma sha biyu da shagon tela a ƙasa, an buɗe masa gaba yadda za a ga cikin kowane ɗaki. Kowace ƙafa ɗaya ta babban gida inci ɗaya ce a jikinsa. Wanda ya gina shi Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, mai gyaran agogo, wanda ya yi shekaru yana aiki a wannan teburi da gilashi maƙale a ido ɗaya. Kawu bai yarda da kwali ba. Siminti ya tankaɗe da matacin shayi, ya sa siraran wayoyi a matsayin rodi, ya zuba ginshiƙai shida a daidai inda na babban suke. Shi ya sa tun farko mutanen gida suke kiran babban benen wansa.

Ina da shekara bakwai ranar da Kawu ya fara ba ni aiki. Ya miƙo mini murfin man goge baki da guntun waya, ya ce in yi bokitin Inna. Na yi, na kai masa ina rawar jiki. Ya juya shi da matsefata, ya dube ni ta saman gilashi, ya ce, “'Yar nan, ina lotsawar? Bokitin uwarki ya lotsa a gefe tun kafin a haife ki. Wannan na wata ne.” Sau uku ina sakewa. Ranar da ya karɓa ya ajiye shi a ƙofar ɗakinmu na ƙaramin gida, ranar na kamu da ciwon da har yau ban warke ba. Na yi tsintsiya da gashin burushi. Na yi katifu da audugar kwalbar magani. Ƙawayena suna zuwa biki ina gida ina ɗinke labule da bai kai faɗin ɗan yatsa biyu ba. Da na tafi karatu, matsefata da reza ne suka fara shiga jakata kafin littattafai. An yi mini dariya, an ce mace ta girma tana wasan yara, wani da ya zo neman aurena ya tambaye ni ko a ciki za mu tare. Ban damu ba, kuma har gobe ba zan damu ba.

Doka biyu Kawu ya kafa wa wannan aiki, kuma da su ya bar mini akwatin kayansa shekara takwas da suka wuce, lokacin da ya riga mu gidan gaskiya. Ta farko: kada a yi wa ƙaramin ƙarya. Duk abin da ya sami babban, mai kyau ko maras kyau, a auna shi, a raba goma sha biyu, a sa masa. Ta biyu: kada ƙaramin ya riga babban. Sai abu ya faru a sama a kwafe shi a ƙasa. Ku riƙe waɗannan biyun, domin a kansu mamacin ya rayu, a kansu kuma ya mutu.

Marigayin mai gaskiya ne, bai iya rufa asiri ba. Tabon yoyon da ke rufin ɗakin kusurwa yana jikinsa, da ruwan shayi na zana shi. Gilashin tagar da ya fashe a hawa na biyu ya fashe a wurinsa shi ma, kuma ba a gyara nasa ba sai ranar da aka gyara na wansa, bayan wata goma sha huɗu. Bai taɓa nuna bambanci ba, ɗakin mai kujerun fata da ɗakin mai tabarma ɗaya duk awo ɗaya ya yi musu. Mai haƙuri ne da yatsun yara. Kawu bai yarda a sa masa mutum-mutumi ba, ya ce mutane ba sa tsayawa a auna su. Maimakon haka kowane mai rai a gidan nan yana da takalmansa a ƙofar ɗakinsa. In aka haihu in yi sababbi, in aka tashi in kwashe. Ranar da ƙaramin ya rasu takalman mutum arba'in da ɗaya ne a jikinsa.

Ba mai yawan magana ba ne. Akwai agogon hannu da Kawu ya cire wa maɗauri ya kafa a bangon matakalarsa, yana cewa cak, cak, cak, ba ya gaba ba ya baya. Ƙofar shagon tela in an tura ta da farce tana cewa ƙiii, kamar yadda ta babban take yi, don Kawu ya ƙi sa mata mai har sai tela ya sa wa tasa. Keken ɗinkin da ke ciki, wanda aka haɗa da haƙoran tsohon agogo, in ka hura masa iska yana cewa tirrr. Iyakar abin da na taɓa ji daga bakinsa ke nan, sai a kwanakinsa na ƙarshe da ya koyi wata sabuwar kalma.

Ciwon ajalinsa ya fara ne a ginshiƙin da ke jikin shagon tela, wanda ya bi ta bangon ɗakin Maman 'Yan Biyu a hawa na biyu, ya je ya ɗauki tankin ruwa a saman rufi. Shekara huɗu da suka wuce na ga tsaga a jikin na babban, siririya kamar gashi. Na auna tsawonta da zurfinta, na ɗauki reza na yi wa ƙaramin irinta. Bayan damina ɗaya allura tana shiga. Na ƙara masa. Bayan wata daminar tsinken ashana yana shiga, ya shige har kansa. Na ƙara masa. Duk lokacin da na sa reza a wannan ginshiƙi na san abin da nake yankawa, amma doka ta ce kada a yi masa ƙarya.

Na rubuta wa wakilin mai gida takarda uku. Ta farko ya ce bai gani ba. Ta biyu ya ce ya kai sama, wurin mai gida. Da na kai ta uku da hannuna, ya yi dariya ya ce, “Malama, ranki ya daɗe, tsagar fenti ce. Ku 'yan boko in ba ku ga abin tsoro ba ba kwa iya barci.” Na kira taron gida, mutum biyar suka zo, biyu daga ciki don su yi maganar shara. Na tsaya a shagon tela na nuna masa tsagar da rula, bai ko ɗaga ƙafa daga keke ba ya ce, “Ƙanwata, gidan nan ya girme ki. Tun kina yawo ba ɗankwali yake tsaye. Matsa mini daga haske.” Sauran ku kuwa, in kun tsaya gaban mamacin, ɗakinku kawai kuke leƙawa. Wannan ta ce in canza mata labule ta sayi sabo. Wancan ya ce ban sa masa sabuwar fankarsa ba. Tsagar tana nan inci uku daga hancinku, baƙa, a tsaye, ba wanda ya taɓa tambayata mece ce.

Bara wakili ya turo masu fenti. Suka cusa siminti a bakin tsagar da ɗan yatsa, suka shafe ginshiƙin da shuɗin fenti mai sheƙi, gida ya ɗauka an yi gyara. Washegari Maman 'Yan Biyu ta tare ni a matakala da goyo a baya da wani a kafaɗa, ta ce, “Malama, don Allah ki shafe na ƙaramin ma. Duk na wuce sai gabana ya faɗi, ga shi daidai ɗakina. Ai an gyara.” A nan zan faɗi nawa laifin, domin ban zo wanke kaina ba. Na san ba a gyara ba. Amma na gaji da zama mahaukaciyar gida, na gaji da yadda hira take mutuwa in na shigo. Na ce wa kaina ai doka ce, abin da aka yi wa babban shi ake yi wa ƙaramin. Na cusa masa siminti da bakin allura, na shafa masa shuɗi. Na fake da dokar Kawu na yi ƙaryar da dokar ta hana. Shekara guda cur ban ƙara auna komai ba. Na kau da kai kamar yadda kuka kau.

Sai maganar tanki na biyu. Na san wahalar ruwa a gidan nan, ni ma da bokiti nake hawa matakala talatin da shida. Na ga murnar da aka yi mako uku da suka wuce, ranar da aka ja sabon tanki da igiya aka ɗora shi kusa da tsohon, a kan wannan ginshiƙi dai. Sabon yana can yanzu babu komai a cikinsa, yana jiran mai gyaran famfo, wanda wakili ya ce zai zo ranar Asabar ɗin nan da safe ya haɗa bututu a cika shi. Tankin yana cin lita dubu biyar. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ɗalibaina 'yan aji ɗaya sun san wannan. Tan biyar ke nan za a ƙara wa ginshiƙin da tsinken ashana yake shigewa cikinsa tun shekara biyu da suka wuce.

Ni kuwa na yi wa ƙaramin nasa tankin da babban gwangwanin madarar gari, awonsa ya fita daidai, na ɗora masa. Ya kamata in bar shi haka babu ruwa, kamar na wansa. Amma na yi masa ɗan famfo da bakin biro, na ƙagu in ga ko zai ɗiga. Ba gwaji na yi niyya ba, kada wani ya ba ni wannan girman, son a yaba aikina ne kawai. Ranar Asabar da ta wuce na ɗauki butar shayi na cika shi, ruwa kusan lita uku. A shekara ashirin da biyu, ranar ce kaɗai ƙaramin ya riga babban.

Famfon ya ɗiga, na ji daɗi. Ina goge hannu na ji ƙaramin ya ce ƙas. Na tsaya. Agogo yana ta cak, cak, sai can ya sake cewa ƙas, a hankali, kamar wanda ba ya son ya dami mutane. Ranar Lahadi ƙofar ɗakin Maman 'Yan Biyu ta ƙaramin gida ta ƙi rufuwa, kuma na ga garin shuɗin fenti a kan teburi. Na share. Ko a lokacin ban sauke ruwan ba, ina cewa gam ne yake bushewa.

Ranar Litinin ina saukowa da littattafan ɗalibai a hannu, tela yana bakin shagonsa yana warware yadi, mamacin ya yi maganarsa ta ƙarshe, ƙas, ƙas, ƙas, a jere. Fentin ya ɓare kamar ɓawon ƙwai. Ginshiƙin ya durƙusa daga tsakiya. Hawa na biyu ya sauko kan shagon tela, hawa na uku ya biyo shi, tankunan biyu suka zo a ƙarshe, ruwa ya wanke teburin ya zubo mana a ƙafa. Duka bai kai ƙiftawar ido uku ba. Agogon ya ci gaba da bugawa a ƙarƙashin ɓaraguzai na ɗan lokaci, sannan ya yi shiru. Tela ya sunkuya ya tono keken ɗinkin da yatsa biyu, ya lanƙwashe ya zama kamar ƙusa. Ya daɗe yana kallonsa a tafin hannu. Bai ce in matsa masa daga haske ba.

Na wuni ina tsince gawar da matsefata. Ɓangaren yamma bai faɗi ba, ya tsaya a karkace. A ƙarƙashin ɓangaren da ya rushe na tono takalman mutum goma sha tara. Silifas ɗin tela na ciki. Nawa na ciki, da na Inna. A can ƙasa, ƙarƙashin gadon da na yi da kwalin ashana, na sami 'yan safa huɗu na ulu da na saƙa da bakin allura watan da aka haifi tagwaye, kowace ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba.

Na san abin da masu wayon cikinku za su ce, kuma zan riga su faɗa. Abin wasa ba hujja ba ne. Simintin matacin shayi daban, na gini daban, kuma ni da hannuna na yanka ginshiƙin da reza. Gaskiya ne, na fi ku sanin haka, lissafi nake koyarwa. Shi ya sa da na gama tsince shi na ɗauki wuƙa na kankare shuɗin fentin da ke jikin wansa. Simintin da aka cusa ya zubo kamar gari. Tsagar da na bari tana cin tsinken ashana, yanzu fensir take ci, ya shige har rabinsa. Rodin da ke ciki ya yi tsatsa, yana ɓarewa a farce. Na hau na tambayi Maman 'Yan Biyu ƙofarta, ta ce sau biyu kafinta yana fere mata ita a wannan shekarar, kuma ta sake fara cijewa. Jiya na kira wata abokiyar karatuna da ta zama injiniyar gini. Ta zo ta duƙa gaban ginshiƙin, ta haska ciki da wayarta. Da ta miƙe ta tambaye ni yara nawa ne suke kwana a sama. Na ce ta hau ɗakinmu ta sha ruwa. Ta ce a'a, in kawo mata waje.

Muna tsaye a wajen, ana tura wa tsohon tanki ruwa, na ji kalmar nan da na sani. Ƙas. Wannan karon ba daga teburi ta fito ba.

Marigayin ya rasu ya bar ni, 'yar riƙonsa, da akwatin kayan aikin Kawu da ban san abin da zan ƙara yi da shi ba. Ya bar bokitin Inna mai lotsawa, wanda ya fita ba ko ƙwarzane. Ya bar agogo da ya tsaya a tara da minti goma. Ya bar takalman mutum arba'in da ɗaya, marayu, suna cikin gwangwanin alawa a wurina. Ya kuma bar wansa guda ɗaya, mai shekara talatin da ɗoriya, wanda yake tsaye a kanku yanzu kuna karanta wannan, yana fama da ciwon da ya kashe ƙaninsa, a ginshiƙi ɗaya, kuma an sa ranar Asabar za a ba shi abin da na ba ƙaramin.

Za a yi jana'izarsa ranar Alhamis da ƙarfe huɗu na yamma. Tela ya ba da farin yadi, ya ce shi zai ɗinka da hannunsa. Za a sa shi a kwalin da sabon keken tela ya zo a ciki, a binne shi a filin da ke tsallaken titi, gindin bishiyar da ake shanya. A can kuma za a karɓi gaisuwa, a kan benci, domin ba zan tara mutum arba'in a gindin wannan matakala ba. Ba a buƙatar kuka, ba a buƙatar abinci, kuma duk wanda ya zo ya ce mini sai haƙuri zan mayar masa da abinsa. Kowa ya zo da biro. Akwai takarda zuwa ofishin duba gine-gine, injiniyar ta rubuta abin da ta gani ta sa hannu, saura naku. Takardar tana neman a turo mai dubawa, a sauke ruwan tsohon tanki, a kwashe mutanen ɗakuna shida na ɓangaren gabas kafin a tokare ginshiƙin. Ɗakunan yamma su buɗe ƙofa su karɓi maƙwabtansu, an fi haka matsuwa a gidan nan ba a mutu ba. Duk wanda ya sa hannu zan ba shi takalmansa ya tafi da su.

Ranar Asabar kuma da ƙarfe bakwai na safe zan tsaya a gindin tsanin da ake hawa rufi. Mai gyaran famfo ba shi da laifi, aiki aka ba shi, amma ba zai hau ba. In ni kaɗai ce wakili zai ture ni da dariya kamar yadda ya saba. In mu ashirin ne ba zai iya ba. Na san kuna son ruwan. Ku ɗauki bokiti na wata guda, ni ma zan ɗauka, zan ɗaukar wa Maman 'Yan Biyu nata.

Kafin ka haye sama, juya hagunka, taku uku. Na ɗaure fensir da zare a jikin ginshiƙin, daidai inda na kankare. Ajiye abin da ke hannunka, ka sa shi a cikin tsagar da kanka, ka ga inda ya tsaya. Sannan ka ɗaga kai ka tuna wa ka bari a ɗaki, ka zo ranar Alhamis ka sa hannu.